Yadda Ake Saƙa Darduma da Tsofaffin Zannuwa da Ragowar Yadin Tela

Da wuya a sami gidan da babu ƙunshin kayan da aka daina sawa: atamfar ankon bikin da aka yi shekarun baya, zanen gadon da tsakiyarsa ta yi laushi, labulen da rana ta cinye launinsa, da kayan makarantar da yara suka fi ƙarfinsu. Waɗanda har yanzu za su sawu, hanyarsu ita ce kyauta ko sadaka, kuma bai dace a kai musu almakashi ba. Sauran da suka wuce sawa, waɗanda yawanci ke ƙarewa a tsumman goge-goge ko a bola ko a wuta, su ne za a iya mayarwa darduma mai kauri wadda za ta yi shekaru a bakin ƙofa ko a gaban gado.

Wannan aiki sananne ne a ƙasashe da dama. Matan ƙabilun Berber na Maroko sun yi suna da dardumomi masu launi barkatai da suke yi da guntayen tufafi, mutanen Suwidin sun daɗe suna shimfiɗa dogayen dardumomin tsumma a ɗakunansu, haka nan manoman Japan na da suna yayyaga tsofaffin tufafin auduga su sake saƙa su. A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne, domin maza masaƙa sun saba yin siraran saƙa da ake haɗawa a ɗinka, mata kuma suna saƙa gwado da majanyi a masaƙarsu ta tsaye. Tsarin duk ɗaya ne: akwai zaren tsaye da ake yi wa wadari a ɗaure shi tam, akwai kuma na kwance da ke ratsa shi sama da ƙasa. Bambancin kawai shi ne, a nan ƙyalle ne zai tsaya a matsayin abawa, wato zaren kwance. Wanda ya riƙe cewa zaren tsaye ɗaurewa yake so, ƙyallen kwance kuwa sakewa yake so, ya kama rabin aikin tun kafin ya fara.

Firam da zaren tsaye

Ga mai koyo, ya fi kyau a fara da ƙaramar darduma mai faɗin santimita 60 da tsawon kusan 85, domin ana iya gama ta kafin gajiya ta sa a jingine aikin. A je wurin kafinta ya haɗa firam mai kusurwa huɗu da katakon da suke kira tu-bai-tiri, dogayen ɓangarorin biyu santimita 120, gajerun kuma santimita 80. A roƙe shi ya ƙarfafa kusurwoyin da kyau, ko da ƙaramin katako a karkace ne, saboda zare 60 da aka ja da ƙarfi yana iya murɗe firam ɗin da aka haɗa da ƙusa ɗaya tak, kuma firam ɗin da ya murɗe ba zai taɓa ba da darduma madaidaiciya ba.

A kan katakon sama a auna santimita 60 a tsakiya, a yi alama da fensir duk bayan santimita 2, wato alama 31 ke nan. A katakon ƙasa a yi alama 30, kowace ta faɗo daidai tsakanin alamomi biyu na sama. A kafa ƙusa mai inci ɗaya da rabi a kowace alama, a bar kusan rabinta a waje, a ɗan karkatar da kanta zuwa bayan firam don kada zare ya zame. Idan aka jera ƙusoshi masu yawa a layi ɗaya katako kan tsage, don haka a riƙa sa ɗaya a ɗan gaba, mai bi mata a ɗan baya.

Zaren tsaye shi ne abu ɗaya da ba a yi masa rowa. Ƙyalle kyauta ne, amma zaren saye za a yi, kuma shi ne ƙashin bayan dardumar: ranar da ya tsinke, ƙyallen komai kyansa warwarewa zai yi. A nemi zaren auduga mai kauri da aka murɗa sosai, kaurinsa kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a gwada shi ta hanyar naɗe shi a hannaye biyu a ja da ƙarfi. In ya tsinke, a bar shi. Zaren ulu da ake saƙa kayan jarirai bai dace ba domin miƙewa yake yi, zaren roba mai santsi kuwa yana da ƙarfi amma ƙullinsa na kwancewa, ƙyalle kuma na zamewa a kansa. Zare 60 masu tsawon kusan santimita 115 za su ci mita 69, sai a sayi mita 100 domin za a buƙaci ragowar wajen rufe bakunan darduma.

Wadarin ba shi da wuya. A ƙulla bakin zaren a ƙusar farko ta sama, a sauko a zagaye ƙusar farko ta ƙasa, a koma ta biyu a sama, a ci gaba haka har ƙusar ƙarshe. Kada a ƙulle ƙarshen tukuna. A koma farko a bi zaren ɗaya bayan ɗaya ana jan sakakken ana tura rarar gaba, sannan a ɗora tafin hannu a shafa su duka a ji ko akwai wanda ya fi 'yan'uwansa laushi. Abin da ake nema shi ne su zama ƙarfi ɗaya, yadda in an danna da yatsa za su ɗan lotsa su dawo nan take. Sai an tabbatar da haka za a ƙulle. Yana da kyau a ƙara zare ɗaya a kowane gefe ya zama biyu a haɗe, domin gefe ne ke fara cinyewa. Wanda ya sami siririn rodi guda biyu mai kaurin milimita 6, ya ɗaura kowanne a jikin zaren gefe daga sama har ƙasa. Za a riƙa saƙawa da shi kamar zare, a zare shi in an gama, kuma shi ne ke hana gefen mai koyo lanƙwashewa.

Zaɓen ƙyalle da yankansa

A fara da wanke komai, har da sabbin guntayen da aka karɓo daga shagon tela. Dalili biyu ne: sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, sannan wasu yadikan, musamman shadda da rinannun kaya, suna zubar da launi, wanda ya fi kyau ya zuba a baho da ya zuba a kan farin layin darduma. Lokacin da ya fi dacewa a nemi ragowar yadi shi ne makonnin da ke gaban Sallah, sa'ad da teloli ke kwana a kan keke, guntaye na taruwa buhu-buhu. A nan akwai abin lura, wato babban ƙyallen da ya rage haƙƙin mai ɗinki ne ba na tela ba, saboda haka a roƙi ƙananan da aka share za a zubar, ko waɗanda masu su suka yafe.

Atamfar auduga, zanen gado, shadda da yadin maza duk suna saƙuwa da kyau. Tsohon wandon jins yana da ƙarko fiye da kowa amma yana gajiyar da hannu. Leshi mai duwatsu da yadin da aka yi wa aiki mai nauyi ba su da amfani a nan, haka ma yadi mai santsi irin na shafi, domin ba ya zama inda aka ajiye shi. Duk ƙyallen da aka ɗan ja ya kece ba tare da wahala ba ya riga ya ruɓe, a bar shi a tsumma. Kuma tunda darduma abin takawa ce, a ware duk yadin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ko wani rubutu mai alfarma, kada ya shiga ciki ko da guntu ne.

Rigunan nan masu miƙewa irin singileti da rigar ƙwallo suna ba da darduma mai taushi, sai dai halinsu dabam ne da na atamfa. In an gwama su ba tsari, inda mai miƙewa yake zai tsuke, inda atamfa take zai baje, dardumar ta ƙi kwanciya a ƙasa. Shawarata ita ce aikin farko a yi shi da iri ɗaya kacal, zai fi kyau atamfa da zanen gado.

A cire kalmasa, aljihu, zif, maɓalli da duk wurin da ɗinki ya yi kauri. Sannan a yanka siri-siri, faɗin kuwa ya danganta da nauyin yadin: atamfa da zanen gado santimita 3, jins santimita 2 ko ƙasa da haka, yadi shara-shara kamar boyel santimita 5. Manufar ita ce in an murɗa kowane ƙyalle a yatsu kaurinsa ya zo kusan na fensir, komai irin yadin. Auduga tana yaguwa a miƙe, don haka ya isa a ɗan ciza bakin da almakashi duk bayan santimita 3 sannan a keta da hannu, wanda ya fi yanka sauri nesa ba kusa ba. Ketawar tana tayar da ƙurar auduga, sai a yi ta a tsakar gida, mai ciwon asma kuma ya rufe hanci ko ya yi amfani da almakashi.

Game da yawan da ake buƙata, lissafin mai sauƙi ne. Zani ɗaya na yadi biyu yana da tsawon kusan santimita 180 da faɗin kusan 115, in an keta shi a santimita 3 zai ba da ƙyalle 38, jimillarsu mita 68. Dardumar da ake magana a kai za ta ci layi kamar 150, kowane layi kuma kusan santimita 68, wato mita 100 da 'yan kai. Zani biyu ke nan sun isa, amma a tanadi na uku domin a sami zaɓin launi.

Zanen furanni da tsuntsayen da ke jikin atamfa duk ɓacewa suke yi da zarar an keta an matse, launi ne kaɗai ke saura, shi ya sa atamfar da ba ta burge kowa ba a jiki takan fito da kyau a darduma. Don a ga yadda launukan za su zauna, a naɗa ƙyallayen kusa da juna a jikin kwali a duba daga nesa. Fari tas ba ya jimre jar ƙasa da ƙurar hunturu, ya fi kyau a sa shi siriri tsakanin launuka masu duhu. In ana son kan dardumar da ƙarshenta su yi kama, a raba kowane launi gida biyu tun yanzu, a ajiye rabi don ɓangare na biyu. In ba haka ba za a kai tsakiya a tarar shuɗin ya ƙare.

Saƙar kanta

A jingina firam ɗin a bango, a zauna a kujera 'yar tsugunno yadda wurin aikin zai zo daidai ƙirji. A sami sanda mai faɗi kamar rula, faɗinta santimita 4 ko 5, tsawonta 75, a goge ta da sanfefa har ta yi sumul. A zura ta cikin zaren tana ɗaukar ɗaya tana barin ɗaya, a tura ta sama ta zauna can. Duk lokacin da aka tayar da ita a kan gefenta za ta buɗe hanya tsakanin zaren gaba da na baya, ƙyalle ya wuce a tafi ɗaya. Wannan hanyar zuwa ce kawai. A dawowa dole a ɗauki zaren da aka bari da yatsu ko da basilla, huɗu-huɗu ko biyar-biyar.

Ba a fara saƙa daga jikin ƙusa. A bar santimita 12 na zare a ƙasa don ƙulli, ta hanyar zura kwali mai wannan faɗin, wanda kuma zai zama madogarar da za a riƙa danna saƙar a kanta. A saman kwalin a saƙa layi uku ko huɗu da wani tsumman da za a cire daga baya. Aikinsu shi ne su raba zaren da suka fito bibbiyu daga ƙusa su daidaita tazararsu. Daga nan a ruɓanya zaren auduga biyu a saƙa layi 8 da shi a matse sosai. Wannan shi ne bakin darduma, shi ke riƙe ƙyallayen kada su zube in an sauke ta.

Yanzu sai ƙyalle. A ɗauki wanda bai wuce mita biyu ko uku ba, domin dogo yana sarƙewa kuma gefensa na zarewa saboda yawan ja. A fere bakinsa ya yi tsini, a zura shi, a bar jela kamar santimita 5 a lanƙwasa ta a zagaye zaren gefe a mayar da ita cikin layin. Inda mafi yawan masu koyo ke ɓata aikinsu shi ne mataki na gaba. Hannu yana son ya ja ƙyallen ya miƙe tsaf daga gefe zuwa gefe, alhali ƙyallen ba a miƙe zai kwanta ba, hawa da sauka zai yi a kan zare 60, kuma wannan hawa da saukar na cin tsawo. In ba a ba shi rarar ba, zai ƙwace ta daga gefe, ya jawo zaren gefen ciki kaɗan-kaɗan, yadda ba za a lura ba sai an yi nisa a ga dardumar ta yi ƙugu kamar kalangu. Maganin shi ne a shigar da kowane layi a lanƙwashe kamar tudu, tsakiyarsa ta ɗaga kamar faɗin yatsu huɗu daga saƙar da ta gabata. A riƙe zaren gefe da yatsu biyu na hannu ɗaya yayin da ɗaya hannun ke daidaita ƙyallen, yadda zai rungumi gefen ba tare da ya ja shi ba kuma bai bar kunne a waje ba. Sai a danna tsakiyar tudun ƙasa ya rabu biyu, sannan a bi da mataji mai manyan haƙora ko cokali mai yatsu a tattaka layin gaba ɗaya.

Dannawar da ƙarfi ake yin ta. Dardumar da aka matse da kyau, yatsa ba ya ratsa ta. Wadda aka yi wa sako-sako kuwa za ta yi kyau a firam, amma wata ɗaya a bakin ƙofa ya isa ƙyallayen su fara ja da baya su bar zare tsirara. A wurin juyawa a gefe, a murɗa ƙyallen sau ɗaya domin yagaggen bakinsa ya shige ciki. A ajiye tef ɗin tela kusa, duk bayan taƙi ɗaya a auna faɗin. In ya ragu da fiye da santimita ɗaya, a warware layukan da suka jawo hakan a sake su, domin tsukewar ba ta gyaruwa daga baya, ko da wanki ko da guga.

In ƙyalle ya ƙare akwai hanyoyi uku na haɗi. Mafi tsafta ita ce a fere bakin tsohon da na sabon, a ɗora su kan juna tsawon zare biyar ko shida a cikin layin, a danne. Matsin saƙar ya isa ya riƙe su. Ana kuma iya ɗinke bakunan biyu a karkace da keke tun kafin a fara, wanda ya fi ƙarko ga dardumar da za a riƙa wankewa sau da yawa. Hanya ta uku ita ce a tsaga ƙaramar kafa a bakin kowanne, a zura sabon cikin kafar tsohon, a zura jelarsa cikin tasa kafar a ja su sarƙe. Tana da sauri amma tana barin ɗan ƙululu da ƙafa ke ji. Ko wacce aka zaɓa, kada haɗin ya faɗo a gefe, kuma kada a tara haɗe-haɗe a wuri ɗaya layi bayan layi.

Idan an kai santimita 45 an zo tsakiya, sai a juya tsarin launukan a bi su a baibai. Rubuta adadin layin kowane launi a takarda ya fi dogara da ido. Sama-sama wurin zai ƙuntata, sandar ta daina juyuwa. A zare ta a ƙarasa da basilla. A tsaya a santimita 90, a rufe da layi 8 na zaren auduga kamar yadda aka yi a farko, a tabbata an bar santimita 12 na zare a sama.

Saukewa da rufe baki

Kada a yanke zaren duka a lokaci ɗaya. A zare rodin gefe, a yanke zare huɗu daga jikin ƙusa, a haɗa su a yi ƙulli ɗaya a tura shi ya manne da bakin saƙar, sannan a yanke huɗu na gaba. A riƙa yi daga dama da hagu bi da bi ana nufar tsakiya, domin ɓangare ɗaya kada ya saki ya karkata. A ƙasa ma haka, bayan an cire kwalin da tsumman wucin gadi. Da zarar ta sauka za ta ɗan tsuke, tsawon ya dawo kusan 85, wannan ba aibi ba ne.

Jelar zaren ana iya daidaita ta da almakashi a bar ta geza, ko a kitse ta uku-uku. Geza tana da kyau a gaban gado, amma a bakin ƙofa ita ce ke fara yin dauɗa ta cinye, ƙullin ya biyo baya. Ga irin wannan wuri na fi son a rage jelar zuwa santimita 2, a yanko jins ko yadi mai ƙarfi mai faɗin santimita 10, a lulluɓe bakin da shi gaba da baya a ɗinke da hannu ko a kai wa mai keken ɗinkin kujeru.

A shimfiɗa ta a ƙasa kwana ɗaya ko biyu ta saki jiki kafin a wanke. Wankin da ruwan sanyi ne da sabulu, a tattaka da ƙafa a baho maimakon a murɗe, a shanya ta a kwance a inuwa mai iska, domin in an rataye ta jiƙe a igiya nauyin ruwan zai ja ta ta karkace. Da damina a tabbata ta bushe har ciki, in ba haka ba za ta yi fumfuna da wari. A kan tayil darduma irin wannan tana zamewa, abin da ke da haɗari ga tsofaffi da yara, sai a yanko tsohon tiyub na taya a ɗinka a ƙarƙashin kusurwoyi huɗun. A kuma nisanta ta da kaskon turaren wuta da murhun gawayi, musamman in akwai yadin roba a ciki, wanda narkewa yake yi ya manne a fata. Mai son gane irin yadinsa ya ƙona ɗan zare a waje: auduga tana warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, yadin roba kuwa ya dunƙule ya bar baƙin ƙwallo mai tauri.

Wanda hannunsa ya faɗa yana son babbar shimfiɗa ba sai ya sake firam ba. Ya saƙa falle uku ko huɗu masu tsawo ɗaya, ya jera su gefe da gefe, ya haɗa su da basilla da zaren auduga yana ɗaukar lanƙwasar gefen wannan da ta wancan, irin yadda ake haɗa siraran saƙar masaƙa. Sallaya kuwa tana buƙatar firam mai tsawon santimita 150 don a sami kusan 115, kuma ya fi dacewa a zaɓi launuka masu natsuwa, a yi haɗin ƙyallen ta hanyar ɗorawa, saboda ƙululu na damun goshi da gwiwa. Idan bayan shekaru wani zaren tsaye ya tsinke, a zura sabon zare a basilla a bi hanyar tsohon ta cikin ƙyallayen, a fara santimita 10 kafin wurin da ya tsinke a wuce shi da wasu 10, sannan a ƙulle bakunan ta bayan dardumar.